Me Ya Sa Yashi Ke Karce Sikirin Amma Ya Bar Kyamarar iPhone?

Ka taɓa lura sikirin ya cika da karce, gilashin kyamara kuwa yana nan fes? Dalilin duwatsu biyu ne: yakutu da kwaz. A ma'aunin tauri na Mohs, yakutu na da 9, kwaz 7, gilashin waya kusan 6. Yashin kogin Wudil da ƙurar hunturu cike suke da kwaz, shi ya sa suke cin sikirin. Tun iPhone 5 a 2012, Apple ke rufe kyamara da yakutun da ake haɗawa a masana'anta. Sai dai yakutu ya fi karya haske, 1.77, kwaz kuma 1.54, don haka ya fi ƙyalli cikin rana, ga tsada. Kafin ka goge sikirin da rigarka, fara hure ƙurar tukuna.