HAKIN DA YA FI ƘARFIN MAGANI

Ɗan'uwa manomin Damargu, daga Tanut har Belbeji gonakinmu suna da faɗi, hannuwan noma kuwa sun yi kaɗan. Shi ya sa in ka ga maganin kashe haki a kasuwa, ranka zai biya. To, kafin ka saya, ga wani labari.

A ƙasar Amurka akwai wata jiha, sunanta Kansas. Suna noman alkama da masara da furen rana, wata shuka da ake matse mai daga ƴaƴanta kamar gujiya. Akwai wani haki da ya dame su, ana ce masa kokiya. In ya bushe sai ya karye daga gindi, iska ta yi ta mirgina shi, yana zubar da iri gona-gona. A shekarar 1987 aka tarar wani magani da suke fesawa a gonakin alkama ya daina kashe shi. Daga baya suka dogara ga wani, mai suna gilifosat. A shekarar 2007 aka tabbatar shi ma ya fara kasawa. Gilifosat ɗin nan yana cikin magungunan da ake sayarwa a kasuwannin ƙasarmu.

Yaya haka ta faru? Ka san a cikin hatsi akwai tsiron da ya fi ƴan'uwansa jure fari. Haki ma haka yake. In ka yi feshi, dubbai su mutu, amma wataƙila ɗaya ko biyu su tsira. Su ne za su zubar da iri. Baɗi ka sake fesa wannan magani, ƴaƴansu su tsira, su ƙaru. Bayan ƴan shekaru gonar ta zama tasu. Ka kashe kuɗi, hakin yana nan, hatsi ya ragu a rumbu. Iska da dabbobi kuma su kai irin gonar maƙwabcinka, kamar yadda ƙarangiya take bin jelar akuya.

Ga abin yi:

1. Kada ka ajiye hauya. Noman fari da maimai suna nan daram. Babu hakin da ya saba da hauya.

2. Bayan feshi ka zaga gonarka. Duk hakin da ya tsira, tuge shi tun bai yi ƴaƴa ba.

3. Kada ka riƙa fesa magani iri ɗaya kowace shekara. Kai da ka iya karatu, duba ƙananan baƙaƙen da ke jikin kwalba. Sau da yawa sunaye daban ne, maganin ciki ɗaya.

4. Kada ka rage awo don tsimi. Awon da bai cika ba yana barin masu taurin kai da rai.

5. Kwalbar da ba ta da takarda, bar ta. Nemi shawarar malamin gona tukuna.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka karanta wa waɗanda ba su shiga aji ba. Allah ya ba mu damana mai albarka.