Idan jiki ya ƙi magani, ƙoda na iya shan wahala: abin da ya kamata ku sani

Magani na ɓata ƙoda ta hanya biyu, kuma mutane sun fi sanin ta farko: a sha fiye da ƙima, ko a daɗe ana sha, har ya zama guba. Ta biyun ba ruwanta da yawan abin da aka sha. Likita ya rubuta daidai, mai jinya ya sha yadda aka ce, amma garkuwar jikinsa ta ɗauki maganin a matsayin abokin gaba ta far masa, yaƙin kuma ya auku a cikin ƙoda. Mutum dubu za su sha ƙwaya iri ɗaya lafiya lau, ɗaya ta kwantar da shi.

Me ya sa ƙoda? Saboda kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinta yake bi. Ƙodoji biyu suna tace ruwa kimanin lita 180 a kullum, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ragowar magani a nan take taruwa. Idan garkuwar jiki ta harzuƙa, fararen ƙwayoyin jini sukan cika naman da ke tsakanin ƙananan bututun tacewa, wurin ya kumbura, aikin tacewa ya ja baya. Wani likita a Amurka, William Councilman, ya bayyana irin wannan kumburi tun 1898 a jikin waɗanda cututtuka masu yaɗuwa suka kashe. A yau magani ne kan gaba wajen jawo shi.

Magungunan da aka fi kamawa da laifi ba baƙi ba ne, suna nan a kowane kemis. Zan rubuta su yadda suke a jikin kwali: dangin fenisilin irin su amoxicillin da ampicillin, da Septrin, da ciprofloxacin, da rifampicin na tarin fuka. Sai magungunan ciwon jiki, ibuprofen da diclofenac, sai omeprazole da masu olsa ke sha wata da watanni.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Da maganin kashe ƙwayoyin cuta, matsalar kan bayyana bayan mako ɗaya zuwa biyu. Da na ciwon jiki ko na olsa, sai a yi makonni ko watanni. Kafin nan an manta da an fara wani sabon magani, balle a zarge shi. Rifampicin kuwa ya fi yin ɓarna ga wanda ya katse shansa sannan ya koma, kuma tasa takan zo da sauri. Littattafan likitanci suna ambaton zazzaɓi da ƙuraje da hauhawar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini a matsayin alamomi, amma kaɗan ne ake samun duka ukun tare a jikinsu. Da yawa kasala ce kawai, da tashin zuciya, da rashin son abinci. Fitsari ma yana iya ci gaba da fita kamar kullum alhali ƙodar tana gazawa. Sai gwajin jini na kiriyatinin ke tona asiri.

Akwai nau'in da ya fi muni, wanda likitoci ke kira DRESS. Yana zuwa mako biyu zuwa takwas bayan fara magani: zazzaɓi mai zafi, jajayen ƙuraje a kusan duk jiki, fuska ta kumbura, kaluluwa ta fito a wuya da hamata. Hanta ya fi taɓawa, ƙoda na biye. Magungunan farfaɗiya, wato carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, suna cikin masu jawo shi, haka dapsone, haka nevirapine na masu ƙanjamau. Allopurinol, da ake ba masu ciwon gaɓoɓi saboda taruwar sinadarin yurik, shi ya fi saura kai wa ƙoda hari, musamman ga wanda dama ƙodarsa ba ta da ƙarfi. Ciwon na kashe kusan mutum ɗaya cikin goma da ya kama. A gida sau da yawa ƙyanda ake cewa, ko maleriya ce ta yi tsanani, sai a ƙaro wani magani a kan wanda ya jawo abin.

Sauran hanyoyin a taƙaice. A ciwon da ake kira Stevens-Johnson, fata na saɓulewa kamar ƙunar wuta, baki da idanu su yi gyambo, ruwan jiki ya tsiyaye har ƙoda ta rasa isasshen jini. Septrin da Fansidar na iya jawo shi. Wanda kuma allura ta buge nan take, borin jini ya feso masa, numfashi ya sarƙe, jini ya sauka, shi allurar adirenalin yake buƙata cikin mintuna. Idan jinin ya daɗe a ƙasa, ƙoda ta samu rauni.

Babban magani shi ne a gano mai laifin a daina shi da wuri. Mutane da yawa ƙodarsu na farfaɗowa da wannan kaɗai. Idan ba ta nuna alamar dawowa ba, likita kan ba da prednisolone, wani lokaci bayan an tsakuro ɗan naman ƙodar da allura an duba. Wasu sai an yi musu wankin ƙoda na ɗan lokaci. Jinkiri ne ke mayar da kumburi tabo, tabon ƙoda kuwa ba ya gogewa, kuma ba kaɗan ba ne ke ƙarewa da ciwon ƙoda na dindindin.

A nan ne ɗabi'ar sayen haɗi a kemis ke cutar da mu. Ƙwayoyi biyar ko shida a ƙulle a leda, ba suna, ba kwali. Ranar da jiki ya ƙi ɗaya daga ciki, likita ba shi da hanyar sanin wace ce, mai jinya kuma zai iya sake shanta gobe.

Don haka, idan zazzaɓi da ƙuraje ko kumburin fuska suka zo wa wanda ya fara magani cikin wata biyu da suka wuce, kada ya ƙara shan ko ƙwaya ɗaya kafin likita ya gan shi, kuma a ranar za a je, ba washegari ba. Wannan ya fi zama dole ga masu shan maganin farfaɗiya da tarin fuka da ƙanjamau, domin su musanya ake yi musu, ba a barinsu haka. Ku tafi da duk kwalaye da kwalabe, har da na gargajiya, ku nemi a duba ƙoda da hanta. Idan an gano maganin, ku sa a rubuta muku sunansa da na danginsa a takarda, ku riƙa nuna ta a duk asibiti ko kemis da kuka shiga, kuma ku roƙi ma'aikatan su kai rahoto ga hukumar NAFDAC.