Albarushi Ba Ya Son Awon Ido

Wata ɗabi'a ta shigo wa matasanmu masu fita farauta da masu sintirin dare, kuma na ga babu mai tsawatarwa. Da an yi harbi sai ka ga yara sun duƙa suna tsintar kwanson harsashi suna cusawa a aljihu. Ba wasa za su yi da shi ba. Akwai wanda za a kai wa a bayan kasuwa ya sake ɗura shi, ya sayar musu a rabin kuɗin sabo. Wasu ma yanzu sun daina kai wa kowa, da kansu suke yi a zaure, don sun ga bidiyo a waya inda wani Ba'amurke ke zaune gaban tebur yana ɗura nasa. In ka yi magana sai a ce maka, "Ai Bature ma a gida yake yi, mu me zai hana?"

Abin da zai hana na gan shi a gadon asibiti. Wani saurayi ne daga ƙauye, cikin masu tsaron gari, wanda ya gaji bindigar baushe daga mahaifinsa. Damina ta yi nisa, albarushinsa ya sha raɓa ya ƙi tashi. Sai wani abokinsa ya ba shi shawara: ga tsofaffin harsasan farauta nan masu kwanson roba da suka ƙi fita, a farke su a juye garin da ke ciki a baushen, ai na kamfani ya fi ƙarfi. Ya farke, ya zuba a tafin hannu, ya kimanta daidai yadda ya saba kimanta baƙin albarushi, ya ɗura, ya danna da sanda. Da ya ja kunama, gindin bindigar ne ya tsage. Babban yatsansa na hagu da biyu na kusa da shi suka tafi nan take, ɓarɓashin ƙarfe kuma ya shiga idon ƙanensa da ke tsaye yana kallo. Shi saurayin nan manomi ne, da hannun nan yake riƙe garma.

Ba raunin ne ya fi ɓata mini rai ba, maganar masu zuwa dubiya ce. Kowa ya shigo sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani ya ce bindigar ce ta tsufa, wani ya ce hannu aka sa masa. Babu wanda ya ce kuskure aka yi, kuma kuskuren da za a iya faɗa wa na baya su kauce masa. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya zuba fetur a fitilar kananzir ya kyasta ashana ba ya ɗora laifi kan ranar da abin ya faru.

Garin da ke cikin harsashin kamfani da baƙin albarushin da kakanninmu suka sani ba abu ɗaya ba ne, ko da launinsu ya yi kama. Baƙin albarushi tsoho ne, yana tashi da hayaƙi mai yawa, yana barin toka a bututu, ƙarfin turinsa kuma yana da iyaka. Na cikin harsashi shi ne marar hayaƙi, wanda wani masanin Faransa mai suna Paul Vieille ya fito da shi a 1884. Idan aka kulle shi a wuri matsattse, ƙarfin da yake fitarwa ya ninka na baƙin sau da yawa, kuma gwargwadon matsin da ya samu, gwargwadon saurin da zai ci. Shi ya sa hatta kamfanonin waje da ke ƙera bindigogin da ake ɗurawa ta baki da ƙarfe mai nagarta suke buga gargaɗi a jikin bututun cewa kada a zuba musu wannan gari. To ina ga baushen da maƙerin ƙauye ya haɗa da bututun famfo ko sandar sitiyarin tsohuwar mota, ya toshe gindinsa da walda?

A duba lissafin nan. Tayar ƙaramar mota, mai faci kan ba ta iska 30 zuwa 35 a ma'auninsa. Da irin wannan awo, harsashin farauta mai lamba 12 yana kaiwa 11,500 a cikin bututu lokacin da ya tashi. Manyan harsasan harbin nesa, irin wanda ake kira .308, suna kaiwa 62,000. Wannan ƙarfin duka yana tashi ne tazarar taƙi ɗaya daga fuskar mai harbi, kuma abin da ke tsakaninsa da shi ƙarfen bututu ne kawai. Bututun famfo don ruwa aka yi shi, kuma yawanci yana da ɗinki a tsawonsa. Ta wajen ɗinkin nan ko ta wajen waldar yake buɗewa.

Shi kuwa Ba'amurken da ake gani a waya, ba a nuna maka abin da ke bayansa. Dokar ƙasarsa ta ba shi damar ɗura harsashin da zai yi amfani da shi da kansa. Bindigarsa daga masana'anta ta fito, an ƙera ta kan ƙa'idar da wata ƙungiyar masu ƙera makamai mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta gindaya wa kowane irin harsashi. Garin da yake saya yana cikin gwangwani mai suna da lamba, domin irinsa ya haura ɗari, wani mai saurin ci, wani mai jinkiri, kuma musanya ɗaya da ɗaya kaɗai ya isa ya tarwatsa bindigar kamfani. Yana da littafi a gabansa, irin na kamfanin Lyman da aka sabunta bugunsa fiye da sau 50, wanda aka gwada kowane awo da ke cikinsa a ɗakin gwaji. Sikelinsa yana rarrabe abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Yana duba kowane kwanso ya jefar da wanda ya tsage ko ya kumbura, yana sa gilashin kare ido. Duk da wannan tanadi, su ma sukan yi kuskure bindiga ta fashe musu. Kai da kake zaure da murfin kwalba a matsayin mudu, da garin da ba ka san sunansa ba, da kwanson da ya kwana a rana da ruwan sama, da wa kake kwatanta kanka?

Harsashin bayan kasuwa yana cutarwa ta fuska biyu. In mai ɗurin ya zarce, bututu ya fashe. In ya gaza, harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu ba tare da mai harbi ya lura ba, sai ya sa na biyu ya harba a kan na farko, nan ma bututu ya fashe. Duk wanda ya ji ƙarar harbinsa ta fito a raunane, ko bai ji bindigar ta doke shi a kafaɗa yadda ta saba ba, ya dakata. Kada ya sake harbi sai an tabbatar bututun a buɗe yake.

Ga kuma doka, wadda da yawa ba su san ta hau kansu ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa bindiga da harsashi in ba a wuraren da gwamnati ta amince ba, irin masana'antar DICON da ke Kaduna tun 1964, kuma hukuncin saɓa wannan ɗauri ne na shekaru masu yawa. Bindigar farauta ta kamfani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kanta baushe sai da izinin Kwamishinan 'yan sandan jiha. Na san halin da ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato suke ciki, na san harsashi ya yi tsada kuma mutum ba zai zauna a zo a kwashe masa iyali ba. Amma bindigar da za ta fashe a hannunka daren da aka kawo hari ba ta tsare kowa ba, ta ƙara wa gari majinyaci ne. Mai son tsaron garinsu ya bi ta hannun hukuma da shugabannin da aka sani, kamar rundunonin tsaron al'umma da Katsina ta kafa a 2023 da Zamfara a 2024, inda aƙalla akwai horo da mai sa ido.

Masu baushe na gado kuma, ku ma akwai naku. Babbar cutar ita ce neman ƙara. Ranar biki ko hawan Sallah, kowa so yake a ce tasa ta fi tashi, sai a yi ta ƙarin albarushi, a cusa tsumma a danna da dutse. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ƙarar da za ta burge 'yan mata ba ta kai yatsa ɗaya daraja ba. Ku tsaya kan awon da wanda ya koya muku ya nuna, da ma'auni guda wanda ba ya canjawa, ba tafin hannu ba. Ku yi wa sandar ɗuri alama, yadda da an zura ta za a gane ko akwai ɗuri a ciki, domin an sha ɗura bindiga sau biyu saboda mantuwa, ko don wani ya ɗura ya rataye bai faɗa ba. Kada a zuba albarushi kai tsaye daga gora zuwa bakin bindigar da aka gama harbawa yanzu, don ƙila akwai sauran garwashi a ciki, in ya kama kuwa gorar ce gaba ɗaya za ta tashi a hannu. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana kallon inda babu kowa na aƙalla minti guda. Wannan leƙa bakin bindiga da hura shi da baki da ake yi, wallahi ban san sunan da zan ba shi ba. Laya da guru kuma ba sa ƙara wa bututun famfo kauri.

Ajiya ma abin takaici ce. Za ka tarar da albarushi a kwalba ƙarƙashin gado, a ɗakin da ake kunna maganin sauro, ake shiga da kaskon wuta lokacin hunturu, yara na wasa a ciki. A ajiye shi kaɗan, a busasshen wuri mai kulle, nesa da madafa da ɗakin kwana, kuma daban da bindigar. Kada a rataye bindiga da ɗuri a cikinta.

Sai dalma. Masu narka dalmar tsohon batir a tsakar gida don yin ƙwayoyin harbi, wasu har a tukunyar da za ta koma madafa, su tuna da 2010. A shekarar ne gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar. Hayaƙinta da ƙurarta suna taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma lahanin ba ya gyaruwa.

In abin ya riga ya faru, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti. Ban da toka, ban da baƙin mai, ban da garin magani. In ido ne, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shiga, a rufe shi kawai ba tare da dannawa ba. A tabbatar an yi allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ya yanka. Kuma a daina ɓoye majinyaci a gida har rauni ya ruɓe don tsoron 'yan sanda: tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda harbi ya raunata ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Wannan aiki na Sarkin Baka ne da shugabannin 'yan sintiri da masu unguwanni. Kafin a fita daji ko sintiri, a duba bindigar kowa da abin da ya ɗura mata. Wanda aka samu da harsashin bayan kasuwa, ko ya zuba garin kamfani a baushe, a karɓe a mayar da shi gida, ko ɗan wane ne. Mai ɗurin nan na bayan kasuwa kuma kun san shi, kun san rumfarsa. Ku je ku same shi.