Umarnin Sarki a Dutse da a Takarda

Sarakunan Masar na dā, in suna so magana ta daɗe bayansu, sai su sa a sassaƙa ta a jikin dutse, a kafa shi a ɗakin bauta. Wanda ya fi suna cikin duwatsun nan shi ne na Rashid, wanda sojan Faransa suka tono kusa da bakin Kogin Nilu cikin 1799. Malaman tsafi ne suka shirya maganar a birnin Mamfis, shekara 196 kafin haihuwar Annabi Isa, suna yabon sarkinsu Batalimusa na Biyar domin ya yafe bashin haraji, ya saki 'yan kurkuku. Aka rubuta ta iri uku: da rubutun zane-zane, da na yau da kullum, da Yunananci. Dutsen ya wanzu, amma masu karatun suka ƙare. Aka fi shekara dubu ba mai gane zanen, sai 1822 da wani Bafaranshe, Shamfoliyon, ya gwada shi da Yunanancin, kana ya warware shi.

To, mu nan Kano sarakunanmu ba su bi wannan hanya ba. Umarninsu mai shela ke kai shi kasuwa, malamai kuwa su sa shi a takarda. Ku duba Jakara, wadda mutanen dā ke kira Kurmin Baƙin Ruwa. A gefenta Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ba dutse ko ɗaya a wurin mai faɗar haka. Littafin Tarihin Kano ne ya gaya mana, shi kuwa ba a tara shi da Larabci ba sai wajen shekara 400 bayan Rumfa, watau labarin ya daɗe yana yawo a bakin mutane. Haka nan nasihar mulki da Shehu Magili ya rubuta wa Rumfa, kwafa ce ta kawo mana ita, hannu zuwa hannu.

A ganinmu hanyar Kano ta fi, gama ba ta taɓa rasa mai karatu ba. Sai dai takarda ba ta da ƙarfin dutse. Gara na cinta, damina na ɓata ta, magada kuma su kan raba littafi ganye-ganye. Saboda haka in mun je hutu, mu roƙi dattawan unguwa su buɗe mana gafakarsu, mu kwafe abin da muka samu.