Ko Kun Sani? Tsiren Douala Daga Nesa Yake

Ko kun san cewa tsiren da ake gasa muku cikin 'yan mintuna a unguwar New Bell ta Douala, mai yiwuwa sansa ya yi tafiyar kusan kilomita 900 kafin ya iso? Yawancin shanun da ake yankawa a Douala daga arewacin Kamaru ake kawo su, musamman tuddan Adamawa. Wasu a manyan motoci, wasu a taragon jirgin ƙasa daga Ngaoundéré, inda layin dogo ya isa a 1974. Dalili kuwa, kurmin kudu akwai ƙudan tsando, shanun Fulani ba sa jure masa.

Mahautan Hausawa ne suka yi suna da sana'ar tsiren. Da magariba za ka ga mai tsire ya yanyanka shi a takarda, ya barbaɗa yaji, ya watsa albasa, gefe ga gasasshiyar agada ko miondo, curin rogon mutanen Douala. A ganina, duk tsadar otal-otal ɗin Akwa da Bonanjo, baƙon da bai tsaya gaban wannan wuta ba ya yi asara.