Yadda kumburin cikin jiki ke share wa ciwon damuwa hanya

Kumburi makami ne da garkuwar jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta da shi. Amma idan ya ƙi lafawa, kamar a jikin masu ƙiba, ciwon suga ko amosanin gaɓɓai, sinadaran da yake zubawa cikin jini sukan dagula aikin ƙwaƙwalwa, walwala ta ragu.

Binciken Whitehall II kan ma'aikatan gwamnati a Landan ya nuna a 2009 cewa masu yawan sinadaran kumburi, CRP da IL-6, sun fi fuskantar alamun damuwa bayan kimanin shekara 12.

Don haka mai irin waɗannan cututtuka da ya shafe mako biyu cikin ƙunci da rashin barci ya garzaya wurin likita, kada ya ɗora wa gajiyar kasuwa ko ofis laifi.