Harajin da ya kayar da mataimakin shugaban Amurka

Ranar 10 ga Oktoba 1973, Spiro Agnew ya ajiye muƙaminsa na mataimakin shugaban Amurka, ya tsaya gaban kotun tarayya a Baltimore, ya ce ba zai ja da tuhumar ɓoye kuɗin shiga daga harajinsa na 1967 ba. Ainihin laifin kuwa cin hanci ne. Lauyoyin gwamnatin tarayya ƙarƙashin George Beall sun gano cewa tun yana shugaban gundumar Baltimore, har ya zama gwamnan Maryland, injiniyoyi masu neman kwangila ke yanka masa kasonsa. Akwai ma wanda ya bi shi har ofishinsa na Washington da ambulan cike da tsabar kuɗi.

A ganina, kama shi ta haraji shi ne daidai. Hanci a ɓoye ake karɓarsa, kuma duk wanda zai ba da shaida shi ma hannunsa dumu-dumu yake cikin laifin, sai lauyan wanda ake tuhuma ya ce ƙarya yake yi don ya ceci wuyansa. Haraji kuwa lissafi ne. A dokar Amurka ko kuɗin haram sai an biya masa haraji, saboda haka mai cin hanci ya shiga tsaka mai wuya: in ya rubuta kuɗin a takardarsa ya tona wa kansa asiri, in ya ɓoye ya ƙara laifin da rasit da littafin banki za su tabbatar. Ta wannan hanya aka ɗaure Al Capone a 1931.

Masu suka na cewa hukuncin ya yi sauƙi: tarar dala 10,000 da shekara uku na ɗaurin talala, ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba, alhali talakan da ya fasa kanti ɗauri zai sha. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma yana da ciwo. Amma a lokacin badaƙalar Watergate ta riga ta dabaibaye Shugaba Nixon, kuma Antoni Janar Elliot Richardson ya san shari'a za ta ja lokaci. Da Nixon ya faɗi ana cikinta, da wanda ake tuhuma ne zai hau kujerar. Richardson ya nace sai da aka miƙa wa kotu bayanin hujjoji mai shafi 40 kowa ya karanta. Bayan wata goma Nixon ya yi murabus, Gerald Ford da ya maye gurbin Agnew ne ya gaje shi. Agnew kuwa an soke lasisinsa na lauya a 1974, kuma a 1983 ya biya jihar Maryland sama da dala 268,000 bisa umarnin kotu.